Hoton CT da ciwon kumburin hanji: abin da yake gani da abin da ke shige masa duhu

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A ciwon kumburin hanji, fuska takan yi ƙarya. Mutum zai shigo ɗakin likita da fara'arsa, yana cewa gudawar ta tsaya, cikin ya bar murɗa, har ya koma cin tuwo da miyar kuka, alhali can cikin ƙaramin hanjinsa wuta na ci a hankali irin ta ƙaiƙayi. Wani kuma zai zo yana dafe da ciki, ya rame, abinci ba ya zama, amma da za a bincika sai a tarar kumburin ya lafa tuntuni, abin da ke wahalar da shi tabon da ciwon ya bari ne. Na farko yana bukatar a ƙara masa magani ko da ba ya jin komai. Na biyu kuwa, a yi ta ɗirka masa magani mai ƙarfi ba abin da zai ƙaru da shi sai illar maganin, wataƙila wuƙar likitan tiyata yake jira. Tambayar da ke raba su ita ce: ciwon yana ci yanzu, ko ya kwanta? Idan yana ci, a ina, kuma wace ɓarna ya riga ya yi? A kan wannan tambaya hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka yanka-yanka, ya samu gindin zama.

Kafin mu je can, mu san wane ciwo ake nufi. Ba zawon da ake kamuwa da shi daga gurɓataccen ruwa ba ne, wanda ke zuwa ya wuce cikin mako guda. Wannan ciwo ne na shekaru, inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa hanjin mai ita, ya tashi ya kwanta, ya sake tashi. Manyan ire-irensa biyu ne. Akwai cutar Crohn, wadda ta samo suna daga likita Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer na asibitin Mount Sinai da ke Niyok suka bayyana ta a 1932, bisa marasa lafiya 14 da suka gani. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda yake haɗuwa da babba a gefen dama na mara. Tana kamawa ne tsalle-tsalle, nan ciwo can lafiya, kuma tana cin bangon hanji tun daga ciki har waje. Ɗayar kuwa ita ce gyambon babban hanji, wadda likitoci ke kira alsaratib kolaitis. Ita daga dubura take farawa ta haura sama ba tare da tsallake wuri ba, kuma yawanci a fatar cikin hanji take tsayawa, ba ta nutsawa. An ƙiyasta mutum miliyan 6.8 ne ke ɗauke da cututtukan biyu a duniya a 2017. A da ana ganin ciwon Turawa ne, yanzu adadin na hauhawa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka.

Wannan bambanci na zurfi shi ne ya sa kusan duk maganar CT a kan cutar Crohn take.

Inda idon kyamara ke tsayawa

Likita yana da hanyoyin auna ciwon tun kafin a je ɗakin hoto. Yana tambayar mara lafiya: sau nawa ake zagayawa a rana, akwai jini, yaya ciwon cikin. Tun 1976 aka tsara ma'aunin da ke tattara irin waɗannan amsoshi ya fitar da lamba, amma an daɗe da gane cewa lambar ba ta tafiya daidai da abin da ke cikin hanji. A babban gwajin maganin da ake kira SONIC, wanda aka buga sakamakonsa a 2010, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka shigar saboda alamunsu sun nuna ciwon na ci, da aka leƙa hanjinsu ba a ga gyambo ba. Akwai gwajin jini na CRP mai nuna kumburi a jiki, sai dai zazzaɓin cizon sauro ko ƙurji a ƙafa ma yana ɗaga shi, wasu kuma jikinsu ba ya ɗaga shi ko hanjin na ci da wuta. Akwai gwajin bayan gida na kalfirotektin, wanda ya fi kusa da gaskiya, amma bakinsa a rufe yake game da wurin da ciwon yake, kuma ya fi iya kama na babban hanji.

Sai babbar hanya, wato kwalonoskofi, doguwar tiyo mai kyamara a baki da ake zurawa ta dubura. Gani ya kori ji: likita yana kallon gyambon da idonsa, yana kuma ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Babu hoton da ya maye gurbin wannan. Amma tiyon tana bi ne ta babban hanji ta leƙa 'yan santimitoci na ƙarshen ƙarami ta tsaya, alhali ƙaramin hanji mitoci ne, a wasu mutane har shida, a naɗe cikin ciki. Idan ta ci karo da wurin da ya tsuke, nan tafiya ta ƙare. Kuma ko inda ta kai ɗin, fuskar bango kawai take gani. Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san yadda yaɓe ke yin kyau daga cikin ɗaki alhali gara ta cinye tubali daga baya. Masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun nuna haka ƙarara a 2012: cikin masu cutar Crohn da kyamara ta ce ƙarshen ƙaramin hanjinsu lafiya lau, sama da rabi an same su da ciwo mai ci a ƙaramin hanjin da aka haɗa da hoton CT. A wasu ciwon ya tsallake inda kyamarar ke kaiwa ya koma sama, a wasu kuma yana cikin bangon, fatar sama ta rufe shi.

Shirin hoton

Na'urar CT hasken eksire take amfani da shi, amma maimakon ta harba daga gefe ɗaya, sai ta riƙa kewaya jiki, kwamfuta ta haɗa abin da ta tara ta fitar da hoton jiki yanka-yanka, kamar yadda ake yanka burodi a duba kowane yanki. Injiniya Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ne ya ƙera ta farko, aka ɗauki mara lafiya na farko da ita a Landan a 1971, Hounsfield ya kuma samu kyautar Nobel tare da Allan Cormack a 1979. Har yau da sunansa ake auna duhu da hasken abin da ke cikin hoton: ruwa sifiri, iska 1000 ƙasa da sifiri, kitse wajen 100 ƙasa da sifiri, ƙashi ɗaruruwa sama.

Hoton ciki na yau da kullum bai isa a karanta hanji da kyau ba, domin hanjin da babu komai a cikinsa a lanƙwashe yake kamar jakar da aka zazzage, bangonsa ya manne da juna. Shi ya sa aka ɓullo da salo na musamman a ƙarshen shekarun 1990, wanda ake kira CT enterogirafi. Mara lafiya zai bar cin abinci na awa huɗu zuwa shida. Idan ya zo, a ba shi wani ruwa, lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya riƙa sha kaɗan-kaɗan cikin minti 45 zuwa awa guda. An haɗa ruwan da sinadari irin su manitol da ke hana hanji tsotse shi, don ya zauna ya buɗe hanjin. Da gangan ake zaɓar ruwan da ba ya haske a hoto. Farin ruwan bariyom mai kauri da aka saba da shi a da yana haskewa ne ya rufe bangon da ake son gani. Bayan ya kwanta a kan gadon na'urar, sai a yi masa allurar rini mai aidin ta jijiyar hannu, a jira daƙiƙa 45 zuwa 70 rinin ya isa bangon hanji, a ce ya riƙe numfashi, a ɗauka. Ɗaukar kanta 'yan daƙiƙoƙi ce. Shan ruwan nan ne aikin, kuma ga wanda ke fama da tashin zuciya, ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai wanda ya sha rabi ya zubar da rabi kansa ya cuta, don hoton da zai fito ba zai amsa tambayar ba.

Abin da likitan hoto ke nema

Inda kumburi yake, jini na tururuwa. Rinin da aka yi allurarsa cikin jini yake tafiya, saboda haka sashen hanjin da ke ciwo zai fi maƙwabtansa haske. Wannan hasken bango, idan ya kama wani yanki ya bar wani, shi ne alamar da ta fi saurin nuna cewa ciwon na ci. Likita ba ya kallon sashen shi kaɗai, yana kwatanta shi ne da na kusa da shi wanda ya buɗe daidai da shi.

Sai kauri. Bangon ƙaramin hanjin da ya buɗe sosai bai kamata ya wuce milimita 3 ba. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin hoto da na hanji na Amurka suka amince da ita a 2018 ta kasa kaurin gida uku: 3 zuwa 5 kaɗan ne, sama da 5 zuwa 9 matsakaici, 10 zuwa sama mai tsanani. A cutar Crohn kaurin ba ya zagaye hanjin daidai wa daida. Ya fi kama gefen da hanjin ke manne da shimfiɗar kitse da jijiyoyin da ke riƙe da shi a cikin ciki, wadda ake kira mesentari. Idan wannan gefe ya taƙure, ɗaya gefen mai lafiya sai ya yi buhu-buhu ya kumburo waje. Wannan rashin daidaito na daga cikin abubuwan da ke sa likita ya ce Crohn ce kafin ya ce wata.

Wani lokaci bangon yakan fito hawa-hawa: haske daga ciki, duhu a tsakiya, haske daga waje, kamar zoben da aka sa cikin zobe. A nan ma'aunin Hounsfield ke da rana. Idan duhun tsakiyar ya yi kusa da na ruwa, bango ne ya sha ruwa saboda kumburi, alamar ciwo mai ci. Idan kuwa ya sauka ƙasa da sifiri sosai, kitse ne ya taru a cikin bangon, kuma wannan ya fi nuna tsohon ciwo. Kitsen nan ma ana samunsa a hanjin masu ƙiba da ba su taɓa yin ciwon hanji ba, don haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Daga nan ido ya fita wajen hanjin, inda kyamara ba ta da labari. Ƙananan jijiyoyin jinin da ke shiga bangon hanji a jere suke. Idan sashen ya kumbura, sai su cika su miƙe su fito ɓaro-ɓaro kamar haƙoran mataji, har ma sunan da masu bincike Meyers da McGuire suka raɗa wa alamar ke nan a 1995, alamar mataji. Ganinta na tafiya da ciwo mai ƙarfi. Kitsen da ke kewaye, wanda ya kamata ya fito baƙi tas, sai ya yi hazo-hazo. A tsohon ciwo kuma kitsen kan yaɗu ya rarrafo ya naɗe hanjin, abin da likitocin tiyata suka daɗe suna gani da idonsu idan sun buɗe ciki. Kaluluwar da ke cikin mesentari takan ɗan kumbura. Gyambo mai zurfi kan fito kamar ɗan tsagi a fuskar bango, amma ƙananan gyambon farkon ciwo sun fi ƙarfin idon CT. Hoto mai tsabta bai wanke mutum daga Crohn ba idan ciwon a fatar sama kawai yake.

Akwai tarkon da ke kama wanda bai ƙware ba. Sashen sama na ƙaramin hanji a ɗabi'arsa ya fi na ƙasa shan rini, yana da kuma lanƙwasa masu yawa, don haka yakan yi kama da mai ciwo alhali ƙalau yake. Hanjin da ruwa bai kai gare shi ba yana fitowa da kauri da haske. Hanji kuma kullum cikin motsi yake, yana matsewa yana saki, shi kuwa CT ƙiftawa ɗaya yake ɗauka. Idan ya kama wani sashe daidai lokacin da ya matse, sai ya yi kama da tsukewar ciwo. Saboda haka likitan hoto ba ya kiran wuri tsukakke kai tsaye sai ya ga hanjin da ke bayansa ya buɗe, santimita 3 ko fiye, shaidar cewa abinci na taruwa a nan ya kasa wucewa.

Kumburi ne ko tabo?

A nan gizo ke saƙa. A ɗauka hoton ya nuna tsukewa mai tsawon santimita takwas a ƙarshen ƙaramin hanji, bango ya yi kauri, na bayansa ya buɗe. Mai ciwon yana kumburin ciki da amai duk lokacin da ya ci rama ko zogale ko wani abu mai ɓawo. Me ya tsuke hanyar? Idan kumburi ne, magani na iya sauke shi hanya ta buɗe: sitiroyid irin su firedinisolon na ɗan lokaci, ko alluran zamani irin su infiliksimab da aka fara amincewa da shi don cutar Crohn a Amurka a 1998. Idan tabo ne, wato nama ya sandare bayan shekarun ciwo da warkewa, babu maganin da ke hannu yau da ke narkar da shi. Sai dai a buɗa wurin da balan-balan ta cikin kyamara idan gajere ne kuma ana iya kaiwa gare shi, ko a yi tiyata a faɗaɗa, ko a yanke sashen.

An so a ce CT zai raba gardama: wuri mai haske da mataji kumburi ne, wuri mai kauri marar haske tabo ne. Da aka riƙa gwama hotuna da hanjin da aka yanko a tiyata aka duba a madubin ƙara girma, sai aka ga lamarin bai zo da sauƙi haka ba. Yawancin tsukewar gauraye ce, kumburi da tabo a wuri ɗaya, kuma sau da yawa inda kumburin ya fi tsanani nan tabon ma ya fi yawa. Har da kaurin tsokar bangon kanta, wadda ke ƙaruwa saboda faman tura abinci ta ƙuntatacciyar hanya. Abin da CT ke iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne akwai kumburi ko babu. Yawan tabon da ke kwance ƙarƙashin kumburin kuwa, hasashe ne. Don haka rahoton da ya rubuta "tsukewa tare da alamun kumburi mai ci" ya fi gaskiya a kan wanda ya rubuta "tsukewar kumburi zalla". A aikace, likitoci da yawa sukan gwada magani na wasu makonni ko watanni, su sake dubawa. Idan hasken ya tafi amma hanyar na nan a tsuke, an samu amsa.

Ranar da babu kamarsa

Akwai lokacin da ba a tsayawa dogon tunani. Mai cutar Crohn ya zo cikin dare da zazzaɓi mai zafi, ciki ya ƙi taɓuwa. Tambayar yanzu ita ce ko hanjin ya huje, ko mugunya ta taru, ko hanya ta toshe gaba ɗaya. CT na amsa wannan cikin mintoci, ko da mara lafiyar bai iya shan ruwan nan ba. Tunda ciwon na ratsa bango, yakan haƙa hanya daga hanji zuwa wani hanjin, ko mafitsara, ko fatar ciki. Wanda ya san yoyon fitsari ya fahimci irin wannan ƙofa da ke buɗewa inda bai kamata ba. A hoto akan ga sassan hanji sun jawo juna sun haɗu a wuri ɗaya kamar tauraro. Ƙurjin cikin ciki kuma yana fitowa kamar tafkin ruwa mai zoben haske, wani lokaci da ɗigon iska a ciki. Gano shi na sauya komai, domin bai wa mai ƙurji maganin da ke danne garkuwar jiki daidai yake da zuba wa wuta fetur. Sai an fara da maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan kuma ƙurjin ya kai wajen santimita 3 zuwa sama, akan zura siririyar tiyo ta fata a tsiyaye mugunyar, sau da yawa CT ɗin ne ma ke nuna wa allurar hanya.

A gyambon babban hanji aikin CT kaɗan ne, tunda duk inda ciwon yake kyamara na kaiwa. Ana nemansa ne idan ana tsoron hujewa, ko babban hanjin ya saki ya buɗe ya haura santimita 6 tare da zazzaɓi da bugun zuciya, yanayin da ke iya kai mutum tiyata a daren. Wannan ma sau da yawa eksire na ciki ya wadatar.

Hoton yakan kuma tsinto abin da ba a je nema ba: tsakuwar ƙoda da ta matsarmama, waɗanda suka fi yawa a masu Crohn, daskarewar jini a jijiyoyin ciki, kumburin gaɓar da ke haɗa ƙashin baya da ƙugu, ko mutuwar kan ƙashin cinya a wanda ya daɗe yana shan sitiroyid.

Kuɗin da jiki ke biya

To, idan CT na da wannan amfani, me zai hana a riƙa yinsa duk wata shida? Radiyeshan, wato hasken eksiren da ke ratsa jiki. Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin milisibat. Kowane ɗan Adam na shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Hoton CT na ciki da mara na gargajiya yakan kai 8 zuwa 10, wato na shekara uku zuwa huɗu a zama ɗaya, ko eksiren ƙirji ɗari. Sau ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne, kuma duk wanda ake zargin hanjinsa ya huje bai kamata a tsaya lissafin milisibat a kansa ba. Matsalar ita ce cutar Crohn ta fi kama mutane tsakanin shekara 15 zuwa 35, kuma tare za a tsufa. Wani bincike daga birnin Kok na ƙasar Ailan da aka buga a 2008 ya bi tarihin ɗaruruwan masu cutar, ya tarar kashi 15.5 cikin 100 sun tara sama da milisibat 75, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na duk radiyeshan ɗin daga CT ya fito. Waɗanda suka fi tarawa su ne waɗanda ciwon ya kama tun suna yara, da masu yoyo da ƙurji, da waɗanda aka yi wa tiyata fiye da sau ɗaya. Jikin yaro ya fi jin radiyeshan, kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da illar za ta iya bayyana a matsayin ciwon daji.

Na'urorin yanzu sun rage adadin sosai ta hanyar dabarun kwamfuta da ke tace hoto, har wasu cibiyoyi na ɗaukar hanji da ƙasa da rabin na da. Duk da haka, inda akwai zaɓi, bibiyar ciwon ta koma hannun MRI, wato hoton da ke aiki da maganaɗisu, da sikanin. MRI babu radiyeshan, yana ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa har a ga motsin hanji, don haka ba ya faɗawa tarkon matsewar nan, kuma shi ne gwani a yoyon da ke kewayen dubura, inda CT ba ya taɓuka abin kirki. Aibinsa tsada, ƙaranci, da kwanciyar rabin awa ko fiye cikin rami mai ƙara. Sikanin hanji kuwa yana da arha kuma ana iya yinsa a ɗakin ganin likita. Gwajin METRIC da aka yi a asibitocin Birtaniya, aka buga a 2018, ya nuna MRI ya gano ciwon ƙaramin hanji a kashi 97 cikin 100 na masu shi, sikanin kuma a kashi 92. A ganina wannan lamba ta biyu ta fi muhimmanci ga ƙasashe irin namu, inda na'urar sikanin ke kusan kowane gari, MRI kuwa sai manyan birane. Abin da ya rage shi ne hannun da ya koyi duba hanji da ita, don ba irin awon juna biyu ba ne.

Rinin aidin ma yana da nasa sharaɗi. Ana duba lafiyar ƙoda kafin a yi shi, musamman ga wanda gudawa ta ƙarar masa da ruwan jiki ko mai ciwon suga, ana kuma tambaya ko ya taɓa yi wa mutum borin jini. Mace mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa tun kafin ta hau gadon.

Kama da wane ba ta wane

Duk alamun da aka lissafa, haske da kauri da hazon kitse, suna cewa ne akwai kumburi. Ba su faɗin wanda ya kawo shi. A Landan ko Toronto, saurayin da ya zo da rama da kaurin ƙarshen ƙaramin hanji, Crohn za a fara zato, kuma yawanci a dace. A Kano ko Maraɗi lissafin ya sha bamban, domin tarin fuka, wato tibi, ma yana kama hanji, kuma daidai wannan mahaɗa ta ƙarami da babba ya fi so. Najeriya na cikin ƙasashe 30 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin masu nauyin tibi mafi yawa. Zazzaɓin dare, rama, ciwon gefen dama na mara, gyambo a kyamara, kai har abin da ake gani a naman da aka ɗebo, duk suna iya zuwa iri ɗaya. Kuma mai tibin hanji ba lallai ya yi tari ba.

Kuskure a nan yana kisa. Sitiroyid da infiliksimab suna kwance wa tibi ɗauri ne ya bazu cikin jiki, har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ko a Turai ba a fara irin waɗannan allurai sai an yi gwajin tibi. CT yana taimakawa, ko da yake ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Alamar da ta fi nuna tibi ita ce kaluluwar cikin ciki da ta girma, tsakiyarta ta ruɓe ta yi duhu, gefenta na haske. Ruwa a ciki, kaurin rigar da ta lulluɓe kayan ciki, gajeriyar tsukewa, da taƙurewar farkon babban hanji su ma sun fi karkata can. Dogon sashe mai ciwo, tsalle-tsalle a wurare da yawa, mataji, kitse mai naɗe hanji da yoyon dubura sun fi karkata ga Crohn. Ƙara hoton ƙirji na iya tono tibin da ke ɓoye a huhu. Ban da tibi, akwai atunin amiba, da taifod mai huda ƙarshen ƙaramin hanji, da dajin kaluluwa. Akwai kuma magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen da ake saye a kemis ana sha kamar gyaɗa, waɗanda ke yi wa hanji gyambo har da tsukewa. Duk wanda za a yi wa wannan hoto ya faɗa wa likita in yana shansu.

Likitocin Indiya, waɗanda ke fama da cututtukan biyu a lokaci guda, sun fi kowa rubutu a kan wannan ruɗani, kuma hanyar da suke bi idan duk gwaje-gwaje sun kasa rabawa ita ce a fara da maganin tibi, saboda kuskuren bai wa mai Crohn maganin tibi ya fi sauƙin gyara a kan kuskuren danne garkuwar mai tibi. Bayan wata biyu zuwa uku sai a sake dubawa. Ba a dogara da cewar mara lafiya ya ji sauƙi, domin masu Crohn da dama ma sukan ji dama-dama a kan maganin tibi na ɗan lokaci. Kyamara ake mayarwa a ga ko gyambon ya warke. Idan ya warke, tibi ne, a ƙarasa wata shida. Idan yana nan yadda yake, sai a koma kan Crohn, kuma hoton CT na farkon nan shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada duk na bayansa da shi. Saboda haka idan an karɓi sakamako, a karɓo har da faifan hotunan, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a adana tare da takardar rahoton.